KWIKWIYO DA ALLURAR HAUKAN KARE

Yau maganarmu a kan kwikwiyo ce, watau ɗan kare. Wataƙila ka ce, me ya haɗa ma'aikacin lafiyar mutane da ɗan kare? To, ka yi haƙuri ka ji dalili.

A Sisawa da sauran ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo, kare yana da aikinsa. Mafarauci yana shiga daji da shi, makiyayi yana so ya tsare masa garke da dare, mai lambu a fadamar Rima yana so ya kore masa ɓarawo. Malamai kuwa sun bayyana cewa ajiye kare domin farauta, ko kiwo, ko tsaron gona ba laifi ba ne. Amma wanda ya ajiye dabba ya ɗauki haƙƙinta, ya ɗauki na maƙwabtansa kuma. Galibi yaro ne ke ɗauko kwikwiyo ya kawo gida, shi ke wasa da shi, shi ne kuma farkon wanda zai ciza.

Na taɓa ganin wani yaro ɗan shekara takwas da aka kawo mana ɗakin magani. In an miƙa masa ruwa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture moɗa yana kuka. Da muka bincika, ashe wata biyu da suka wuce wani kwikwiyo ya cije shi a yatsa. Ciwon ɗan ƙanƙane ne, aka ce ai ɗan kare ne, haƙorinsa ba dafi. Kwikwiyon ya mutu bayan 'yan kwanaki, aka yar da shi a bayan gari, ba wanda ya sake tunawa. Yaron bai kwana huɗu a hannun likita ba, Allah ya karɓi abinsa.

MENE NE HAUKAN KARE?

Cuta ce da wata ƙwaya ke kawowa, wadda ido ba ya gani. Ƙwayar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In yawun ya shiga jiki ta wurin cizo, ko yakushi, ko lasar gyambo, sai ta bi jijiya sannu sannu har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci ta kan yi wata biyu ko uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar ta bayyana, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da ita kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare suka samo ta, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba.

Amma fa cuta ce mai riga-kafi. Tun 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro da mahaukacin kare ya ciza, ta hanyar allura. A ƙasarmu ma ana yin allurar karnuka a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos.

MAKONNIN FARKO

A kan haifi kwikwiyo makaho, ba ya buɗe ido sai bayan kwana 10 zuwa 14. Abincinsa na farko shi ne dakashin uwarsa, watau nonon nan mai kauri na ranar haihuwa. A cikinsa ya ke samun abin da zai kare shi daga cututtuka na 'yan makonni. Sabo da haka kada ka raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8. Wanda aka ɗauko tun bai buɗe ido ba, da wuya ya rayu.

Sanyi yana kashe kwikwiyo da sauri, gama jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. In lokacin hunturu ne, ka shimfiɗa musu tsohon buhu a wurin da iska ba ta bugawa. In bazara ce, ka nema musu inuwa, ka ajiye wa uwar ruwa mai tsabta kullum.

Daga mako 3 zuwa 4 sai ka fara ba shi abinci mai laushi, kamar kunu mai kauri da dafaffen ƙwai, ko dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya sarai. Kaɗan kaɗan, sau huɗu a yini. Madarar shanu mai yawa ta kan sa shi zawo. Ga wani abu kuma da ya shafe mu mutanen wannan yanki, masu noman albasa da tafarnuwa: su biyun nan suna ɓata jinin kare, ɗanyu ko dafaffu. Kada ka juye masa sauran miya da ta sha albasa.

Kusan kowane kwikwiyo yana da tsutsar ciki, gama daga uwarsa ya ke samu. Alamarta ita ce ƙaton ciki da rama. Ana fara ba shi magani tun yana mako 2, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako biyu har ya kai wata uku. Malamin dabbobi ne zai auna maka, domin gwargwadon nauyinsa a ke bayarwa. Ƙwan tsutsar nan yana fita cikin kashinsa, yana kuwa cutar da yaron da ke wasa da ƙasa. Ka riƙa kwashe kashin kana binnewa, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.

In ka ga kaska ko ƙuma a jikinsa, kada ka shafa masa baƙin mai, ko maganin feshin gona, ko na wankan shanu. Waɗannan guba ne gare shi. Maganin mutane ma kada ka ba shi da ka.

LOKACIN ALLURA

Allura iri biyu ce. Ta farko domin lafiyar kwikwiyon kansa ce, tana kare shi daga cututtuka da dama, har da wadda ke sa amai da zawon jini ta kashe shi cikin 'yan kwanaki. Ana fara ta yana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4, har ya kai wata huɗu.

Ta biyu ita ce allurar haukan kare, wadda ke kare shi, ta kare iyalinka. Ana yin ta sa'ad da ya cika wata uku, sa'an nan a sabunta kowace shekara. Dalilin jiran wata uku shi ne, kariyar da ya sha a dakashi ta kan hana allurar kamawa sosai in an yi da wuri. Amma in ma'aikata sun zo garinku yin allura ga dukan karnuka, ka kai shi ko bai kai ba, ka kuma sake kai shi in ya cika wata uku. Kafin nan kada ka bar shi yawo cikin karnukan bola.

Ka tafi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ko asibitin dabbobi a Sakkwato. Kada ka yarda da allurar da ta wuni a rana cikin jakar ɗan kasuwa, gama zafi yana kashe ƙarfinta. In an yi, ka karɓi takardar shaida ka adana, ranar da karenka ya ciji ɗan wani za ta yi maka rana. Ka kuma ja hankalin maƙwabtanka. In an yi wa karnuka 7 cikin kowane 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

IN AN YI CIZO

Nan da nan ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara, har minti 15. Kada ka sa toka, ko barkono, ko gashin karen. A ranar ka kai wanda aka ciza asibiti, ko da ciwon ɗan yakushi ne, a fara masa allura. Lalle ne ya cika dukan kwanakin da likita ya sa masa.

In karen na gida ne, a ɗaure shi, a riƙa ba shi ruwa da abinci daga nesa, a lura da shi kwana 10. Amma ba a jiran kwana goman nan kafin a je asibiti. In halinsa ya sake, yana dalalar da yawu, yana cizon itace ko dutse, ko muryarsa ta dushe, a gaya wa malamin dabbobi da mai gari. Wani kuwa ba ya faɗa ko kaɗan, sai dai bakinsa ya saki kamar ƙashi ya maƙale masa. Kada ka kuskura ka sa hannu ka ce za ka ciro.

To, ga abin da na ke so ka riƙe. Kwikwiyo ya zauna da uwarsa mako 8. Allurar haukan kare a wata uku, da kowace shekara. Cizo kuwa, sabulu da ruwa, sai asibiti. Ka koya wa yaranka su faɗa maka ko da yakushi ne, kada tsoron duka ya sa su ɓoye. Riga-kafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.