Daga zangon fatake zuwa otal mai bene: masaukin baƙo a Parakou da Djougou

A shirinmu na wannan mako mun duba tarihin masaukin baƙi. Duk wanda ya shiga tsakiyar Parakou yau zai ga otal-otal masu hawa-hawa. To, kafin zuwansu, a ina baƙo yake kwana?

Tun zamanin kakanni, ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da jakunansu ɗauke da kanwa da tufafi, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja neman goro. Hanyar ta bi ta Djougou, wadda Hausawa ke kira Zugu. Sarki yana zaune a Kilir, 'yan kasuwa kuma a unguwar Wangara. Idan madugu ya iso, fatoma ne ke tarbarsa: ya ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa idan an yi ciniki bashi. Abin da yake samu shi ne la'ada.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya waccan kasuwa. A 1936 kuma layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou bayan kilomita 438, ya tsaya nan. Kayan Nijar sai a sauke su daga jirgi, a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanville da Gaya. Direbobi da ma'aikata suka buƙaci ɗakin da za a biya kowane dare. Sunan tsohon otal ɗin nan, Les Routiers, ma'anarsa ke nan: direbobin doguwar hanya.

Ga inda bambancin yake, 'yan uwa. Otal zai karɓi katin shaidarka, ya rubuta sunanka, ya miƙa maka makulli. Amma idan wanda ka sayar wa shanu bashi ya ɓace, otal ba zai bi maka kuɗinka ba. Wannan har gobe aikin maigida ne da dillali.

Saboda haka, malam makiyayi, alhaji ɗan kasuwa, kwana duk inda aljihunka ya iya. Sai dai kafin ka saki igiyar sa, tabbata akwai ɗan gari sananne da ya tsaya tsakaninku.