Daidai Hannu, Daidai Tsirkiya: Zaɓen Abin Kiɗa ga Ɗan Koyo

Kaka ta yi, masara ta shiga rumbu, auduga tana kan hanyar kasuwa, duma ya ƙosa a gona, kuma a irin wannan lokaci ne dandali kan raya da kiɗa. Saboda haka yau za mu duba wata tambaya da ake raina ta, alhali sau da yawa ita ke yanke hukunci ko ɗan koyo zai zama makaɗi, ko kuwa zai rataye abin kiɗansa a bango ƙura ta rufe shi. Tambayar ita ce, wane girma ya kamata abin kiɗa mai tsirkiya ya kasance a hannun mai fara koyo? Ko gurmi ne, ko garaya, ko molo, ko kukuma, ko ɗan ƙaramin jitan nan mai tsirkiya huɗu da ake kira ukulele, wanda matasanmu ke gani a waya suna sha'awa. Matsayinmu a wannan shiri guda ne: hannun ɗan koyo da muryarsa su ne ma'auni. Girman sunan ubangidansa da kyan abin a ido duk suna bayan wannan.

Bari mu fara da na gida a gurguje. Kakanninmu ba su taɓa yin kayan tsirkiya da girma ɗaya ba. Akwai garaya mai tsirkiya biyu, akwai babbarta da ake ce wa komo, ta mafarauta. Akwai goge mai izga da fatar guza, akwai ƙanensa kukuma, wadda irin su Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka yi suna da ita. Akwai gurmi na ƙoƙo da gora, abokin 'yan kokawa, wanda Haruna Uji na Haɗeja ya kai ko'ina a ƙasar Hausa. Sannan ga kuntigi, autansu, mai tsirkiya ɗaya tal. Masana biyu, David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, sun tattara sunayen waɗannan kaya a wani littafi da ya fito a 1971. Abin lura shi ne, a cikin dangi ɗaya akwai babba akwai ƙarami, kuma kowanne da aikinsa da mai riƙe shi.

To, me girma ke canzawa? Abu uku ne, kuma ina so masu saurare su riƙe su. Na farko, tsawon tsirkiya shi ke ba da murya. Doguwar tsirkiya tana yin amo mai kauri, gajeriya tana yin siriri. Idan ka danne tsirkiya a daidai tsakiyarta ka kaɗa, amon da zai fito irin na farko ne, amma a sama, kamar yaro na amsa waƙar babansa. Na biyu, faɗin ƙwarya ko akwatin katako shi ke ba amon jiki, babbar ƙwarya tana cika fili, ƙarama tana da kaifi. Na uku, kuma wannan ne ya fi shafar ɗan koyo, duk yadda tsirkiya ta ƙara tsawo, haka tazarar da ke tsakanin wuraren dannawa ke ƙaruwa. Yatsun da suka isa wurare huɗu a kan gajeren gora ba tare da motsa hannu ba, a kan dogo sai sun yi tsalle. Gwani yana tsallen bai ma sani ba. Ɗan koyo kuwa, da bai riga ya san inda amon yake ba, kowane tsalle kuskure ne ke jiransa, musamman a kan gurmi ko kukuma, inda babu wata alama a jikin gora sai kunne kaɗai ke nuna hanya.

Labarin ukulele ya nuna wannan a fili, kuma labari ne mai daɗi. A watan Agusta na 1879, wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya isa Honolulu a tsibiran Hawayi, bayan tafiyar wajen wata huɗu, ɗauke da mutum sama da 400 daga tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal. Aikin gonar rake ya kai su, raken nan da muka sani a fadamun Danja. A cikinsu akwai massassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da José do Espírito Santo, kuma fasinjojin sun riƙo 'yan ƙananan kayan tsirkiya irin na ƙasarsu. Da massassaƙan suka gama wa'adin ƙwadago, sai suka buɗe shaguna a Honolulu suna ƙera irin waɗannan kaya da itacen tsibirin. Sarkin Hawayi na lokacin, Kalakaua, ya so abin ƙwarai, ya shigar da shi cikin wasannin fada, daga nan ya bazu zuwa Amurka da sauran duniya. Abin kiɗan leburorin gona ne, ƙarami ne, mai sauƙin ɗauka, kuma ƙanƙantarsa ce ta sa kowa ya iya taɓa shi. Sai daga baya aka yi ta ƙara masa girma, har ya zama iri huɗu da ake sayarwa yau. Mafi ƙanƙanta, wanda ake kira soprano, tsirkiyarsa daga inda ta fara motsi zuwa kan jaki, wato ɗan katakon da ke tallafe ta, wajen santimita 33 ce. Mai bi masa, concert, wajen 38. Na uku, tenor, wajen 43. Babbansu, baritone, 48 ko fiye. A wuyan ukulele akwai 'yan ƙarafa da aka gitta, suna raba shi gaɓa-gaɓa. Daga ƙarfen farko zuwa na huɗu, a kan ƙaramin, tazarar kamar santimita 5 ce. A kan babban kuwa ta haura 7. Jama'a, a buɗe tafin hannun yaro ɗan shekara 8, a duba tsakanin manuninsa da ɗan ƙaramin yatsansa. Wannan santimita biyun da muke ganin ba komai ba ce, ita ce tsakanin yaron da zai danna amo ya fito tas, da wanda zai murɗe wuyan hannu, ya ji zafi, ya ce kiɗa ba nasa ba ne.

Na san abin da magidanci zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, Malam, yaro girma yake yi, kuɗi kuma ba a ƙasa ake tsintarsu ba, gara in saya masa babba sau ɗaya ya taso ya iske shi. Amsar ita ce, abin kiɗa ba ya jiran mai shi ya girma, domin koyon yana faruwa ne a watannin farko, kuma a watannin nan hannu ke ɗaukar ɗabi'ar da zai rayu da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba ɗage kafaɗa da miƙe gwiwar hannu don ya kai ƙarshen gora, ko ya girma haka zai ci gaba da riƙo, kuma gyaran wannan ya fi koyon farko wuya. Ta fuskar kuɗi ma, wanda aka saya aka jingine shi ne mai tsada. Gurmi kuwa kayan haɗinsa duk a nan kusa suke: ƙoƙo daga gona, gora, fata daga hannun majemi, da tsirkiya. Idan yaro ya wuce na farko, sai a sake masa wani, ƙanensa ya gaji tsohon. Game da ukulele, iri ukun farko duk saiti ɗaya ake yi wa tsirkiyoyinsu, don haka wanda ya koya a kan ƙarami, ranar da ya ɗauki na gaba babu abin da zai sake koya. Baritone ne kaɗai saitinsa ya bambanta, ya yi daidai da siraran tsirkiyoyi huɗu na jikin jita.

Wani kuma zai ce, ai ƙaramin abu wasan yara ne, wa zai saurari mai riƙe da shi? Ga mai wannan magana, suna ɗaya ya isa: Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos. An haife shi a Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yuni na 2015. Ku tuna abin da ke hannunsa. Kuntigi ne, ɗan gwangwani irin na kifi da aka rufe da fatar akuya, da ɗan siririn gora, da tsirkiya guda. Duk abin bai fi a sa shi cikin aljihun babbar riga ba. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da makaɗa a bayansa, daga shi sai wannan ɗan abu a ƙirjinsa, yana kaɗa shi da sauri yana ɗora magana a kai. Da shi ya yi wa karen mota da sauran masu neman na kansu waƙa, da shi ya yi wa ma'aurata nasiha, da shi ya tsallaka teku ya yi wasa a ƙasashen waje, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. A saurari kowane faifansa da kyau, za a ji yadda kaifin kuntigin ya zauna daram da muryarsa, babu mai danne wani. Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace. A kiɗan Hausa tsirkiya tana rakiyar murya ne, saboda haka yaro mai siririyar murya da aka ba babban komo zai yi ta laluben amon da maƙogwaronsa bai kai ba tukuna, alhali ƙaramin gurmi yana magana a daidai inda muryarsa take.

Akwai kuma masu cewa a da can ɗan makaɗi a kan kayan ubansa yake koyo, ba a yi masa na daban. Wannan rabin labarin ne. A gidajen makaɗa, yaro ba ya fara da uwar ganga. Kanzagi ake rataya masa, ko kuntuku a ƙungiyar kalangu, irin ƙungiyar da marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda Funtua ta zama gidansa, ya yi zamani da ita har rasuwarsa a 1999. Sai yaro ya daɗe yana riƙe da zaren kiɗa a kan ƙaramin, kafin a miƙa masa babba. Manomi ma ya san wannan sarai: ba ya ɗora wa ɗan shekara 7 garmarsa, wurin maƙeri yake zuwa a yi wa yaron 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, kuma kunyar da yaron zai nome da ita kunya ce ta gaske. Can a Turai da Japan haka suke yi da gogensu mai tsirkiya huɗu, suna ƙera ƙanana da ake yi wa laƙabi da rabi, da rubu'i, har da kashi ɗaya cikin 16, saboda ƙananan yara.

Kada kuma a fahimce mu cewa ƙarami ne daidai ga kowa. Babban mutum da ya fara koyo da girmansa, mai kaurin yatsu irin na wanda ya sha riƙon ƙota, idan ya ɗauki ukulele mafi ƙanƙanta yatsunsa za su cunkushe, ɗaya ya danne tsirkiya biyu. Irin wannan, mai santimita 38 ko 43 ya fi masa. Haka in gurmi zai sa a yi masa, ya nemi gora mai ɗan kauri da tsawo, da ƙwaryar da za ta zauna a jikinsa ba ta zamewa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lokaci yana neman ƙure mana, don haka ga gwajin a taƙaice. A zaunar da ɗan koyo, a ba shi abin ya rungume. Hannunsa na hagu ya kai ƙarshen gora gwiwar hannun tana a lanƙwashe, kafaɗa a sake. Ya jera yatsu huɗu a kan tsirkiya ba tare da ya murɗe wuyan hannu ba. A duba kada tsirkiyar ta yi nisa da gora, domin mai nisa tana cin yatsa. Sannan ya kaɗa, ya ɗora muryarsa a kai, a ji ko sun haɗu. A tuna da yanayinmu kuma: damina tana sa fata ta saki, sai an ɗan shanya ta kafin amo ya dawo, hunturu kuwa yana tsaga katakon da aka ƙera don ƙasashe masu laima, saboda haka na kanti a riƙa ajiye shi cikin jakarsa, nesa da rana.

Kiranmu ga iyayen da suka amince 'ya'yansu su koyi wannan sana'a, da malaman makarantu, da masu haɗa gurmi da kukuma a garuruwanmu, shi ne kada a saya ko a haɗa abin kiɗa a bayan idon mai koyo. A je da shi, a auna hannunsa, a saurari muryarsa, sannan a yanke gora.