Ganga a majami'a: Kiristocin Maraɗi da makaɗa

Mishan ɗin SIM ya sauka a Damagaram a 1924, kafin ya kafa zango a Tsibiri, fadar Sarkin Gobir. Turawan sun tarar da ƙasa wadda kiɗa ke da gindin zama a cikinta: tambari na sarki ne, goge da garaya na ƴan bori, maroƙa kuwa ba a biki sai da su. Saboda haka suka ɗauki kiɗa a matsayin abin tsafi, suka ƙyamace shi cikin sujada. Masu bi na farko a Tsibiri, Maraɗi da Jiratawa da muryoyinsu kawai suke rera waƙoƙin yabo.

Wannan hani ya sanya makaɗi a tsaka mai wuya. In ya karɓi bishara, sai ya jingine sana'ar da ya gada, wadda da ita yake ciyar da iyalinsa.

Sannu a hankali al'amarin ya sake. A shekarun 1990 majami'ar Vie Abondante ta shigo Maraɗi da kiɗa da rawa, samari suka yi ta tururuwa. Amma fitowa fili tana da tsada: a tarzomar Nuwamba 2000, wadda bikin tufafi na FIMA ya haddasa, an kai wa majami'ar hari.

Duk da haka ganga ta zauna daram cikin sujada. Makaɗin da kakanninsa suka kaɗa wa iskoki yanzu yana iya kaɗa wa ikilisiya, gadonsa na hannunsa.