Gidan Kawsan a Birnin Agadas

A tsakiyar Agadas, daura da babban masallaci, akwai wani gidan ƙasa da aka gina domin Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa. Cikin watan Disamba na 1916 Kawsan ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. A watan Maris na 1917 dakarun Faransa suka iso daga Damagaram, Kawsan ya fice, aka kashe shi a Murzuk cikin 1919.

Daga baya aka maida gidan masaukin baƙi mai suna Hôtel de l'Aïr. Cikin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya. Amma ginin ƙasa sai da yaɓe. In hukuma da jama'a suka yi sakaci, ruwan damina zai rushe gidan.