Inshorar Duwatsun Murjani da Darasinta ga Ƙasar Ƙanƙara

Yawancinmu mun san inshora ne a kan mota, shago ko gida. Amma yanzu an fara yin ta a kan halittun da Allah Ya sanya su zama garkuwa ga rayuka da dukiyar jama'a. Duwatsun murjani na ƙasar Meksiko su ne farkon waɗanda aka yi wa haka.

Wasu ƙananan halittun teku ne ke gina duwatsun nan, kaɗan-kaɗan, shekaru aru-aru, har su zama tamkar ganuwa a ƙarƙashin ruwa daura da gaɓa. Bincike ya nuna cewa idan suna da lafiya sukan karya ƙarfin igiyar ruwa da kashi 97 cikin 100 kafin ta iso tudu. Idan guguwa ta farfasa su, sai ruwa ya samu hanyar cin gari.

Yadda tsarin ke aiki

A jihar Kintana Ro ta Meksiko, inda birnin Kankun yake, arziƙin jama'a ya dogara ne kan masu yawon buɗe ido. A 2018 gwamnatin jihar da masu otal-otal da ƙungiyar The Nature Conservancy suka kafa asusun kula da gaɓar teku, kuma a 2019 aka sayi inshorar da ta shafi kilomita 160 na gaɓar. Sharaɗinta ya bambanta da wanda muka saba. Ba a jiran jami'i ya zo ya ƙiyasta ɓarna. A inshorar ta 2019, da zarar gudun iska ya kai kimanin kilomita 185 a awa ɗaya a yankin da aka shata, biya ya wajaba.

Dalilin gaggawar shi ne murjanin da ya karye yakan mutu idan bai samu gyara cikin 'yan makonni ba. A watan Oktoba na 2020 guguwar Delta ta afka wa yankin, aka biya kimanin dala dubu 800. Masu ninƙaya da aka riga aka horar suka riƙa nutsewa suna kwashe tarkace, suna manna dubban gutsattsarin murjani a mazauninsu. A 2022 aka yi irin wannan inshora a jihar Hawai ta Amurka.

Mu da ba mu da teku

Mutumin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a jihar Katsina zai ce ina ruwansa da teku. To, irin wannan inshora mai biya bisa ma'auni ta riga ta iso maƙwabta. A 2012 Tarayyar Afirka ta kafa hukumar inshora ta ARC, wadda ke auna ruwan sama da tauraron ɗan'adam. Da damina ta gaza a 2014, an biya Nijar da Senegal da Muritaniya dala miliyan 26 a farkon 2015, domin agaza wa manoma da makiyaya kafin su sayar da dabbobinsu a wulaƙance.

Mu ma muna da abubuwan da ke kare mu: itatuwan da ke tare iska da riƙe ƙasa, madatsun ruwa, gaɓar rafuka da fadamu. Idan aka sare itace, ruwa na gudu ba birki, kwazazzabo ya cinye gona da hanya. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta hallaka fiye da mutum 40, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a jihar Katsina. Hukumar inshorar noma ta Najeriya, NAIC, wadda tsarinta ya faro a 1987, tana biyan asarar amfanin gona da dabbobi. Abin da ya rage shi ne a yi tanadin gyara abin da ke kare gonar kanta. Masu ƙyamar inshora saboda riba kuwa, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, wanda hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

Tsarin biya bisa ma'auni yana da rauni. Wani lokaci ɓarna kan auku alhali ma'auni bai kai adadin da aka yi alkawari ba, sai a tashi a tutar babu. Haka kuma inshora ba ta biyan ɓarnar da mutane suka yi da gatarinsu. Saboda haka wajibi ne ƙananan hukumomi da masu sarauta da ƙungiyoyin manoma su fara da kiyaye itatuwa da madatsun da ake da su, su horar da masu gyara, sannan su tanadi kuɗin da za su fito cikin kwanaki idan masifa ta auku.