Babur Mai Ƙafa Uku da Yake Kwanciya a Kwana

Daga Sakkwato zuwa Boɗinga da Shagari kwalta ce, amma mai shiga ƙauyuka irin su Mandera ya san inda kwaltar ta ƙare nan aikin ɗan kabu-kabu yake farawa. Abin da ya fi tsoro shi ne rairayi a kan kwana. Tayar gaba guda ce, idan ta zame babu mai tare ta, sai dai a ji mutum da fasinja da buhun gero a ƙasa.

Keken haya, wanda Sakkwatawa ke wa laƙabi da agwagwa da buje, ya tsira daga wannan, amma yana da nasa ciwon. Duk abin hawan da ya shiga kwana akwai ƙarfin da ke tura shi waje, kuma in aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin nan ninkuwa yake yi sau huɗu. Mai babur yana maganinsa da karkatar da jiki da mashin zuwa cikin kwanar. Keke kuwa a sandare yake, ba ya karkata. Sai tayar baya ta ɓangaren ciki ta ɗaga, in direba bai sassauta ba ya kife, balle an ɗora kaya a sama.

A 2006 kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da wani babur mai suna MP3 da ke magance matsalolin biyu, mai taya biyu a gaba da ɗaya a baya. Abin ban sha'awa, kamfanin ne ya ƙera Ape a 1948, kakan kekunan Bajaj da suka cika titunanmu. Tayoyin gaban MP3 an haɗa su da sanduna masu gaɓoɓi, don haka in direba ya karkata, dukansu biyu suna kwanciya tare, har kusan digiri 40, kowace tana manne da ƙasa. In ɗaya ta taka rairayi ko ta faɗa rami, ɗayar tana riƙe. Akwai kuma maɓallin da ke kulle gaɓoɓin in an tsaya, mashin ya tsaya cak ba tare da an sauke ƙafa ba. Yamaha ta biyo da Tricity a 2014, sai Niken a 2018.

To me ya hana irin wannan mashin zuwa Boɗinga? Nauyi da kuɗi. Niken ya haura kilo 260, ya ninka babur ɗin Boxer na 'yan kabu-kabu, kuma duk wanda ya taɓa tura mashin a cikin yashi ya san abin da wannan ke nufi. Kowace gaɓa kuma ƙofa ce ga ƙura, ga wayoyin lantarki da bakaniken gindin bishiya bai saba da su ba. A ganina dabarar ta fi dacewa da masu ƙera keken haya a Indiya, in za su iya yin ta da ƙarfe da giris kawai, yadda za a samu kayan gyaranta a kasuwar Sakkwato.