MOTAR DA AKA DAƊE ANA BURI: Daɗin Samu Da Nauyin Riƙo A Limawa

Duk wanda ya bi ta unguwar Limawa a cikin garin Dutse da hantsin ranar Asabar, da wuya ya rasa ganin wani magidanci a ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, ga bokiti ga tsumma, yana wanke motarsa da kansa, alhali kuwa ga yara cike da gida waɗanda zai iya sa su aikin. In an tsaya an lura za a ga yadda yake bin ta gaɓa-gaɓa, tun daga fitila har salansa, ya goge ya ja da baya ya duba, ya sake komowa ya goge. Yawancin irin waɗannan mutane ma'aikatan gwamnati ne, kuma kusan kowannensu ya yi shekara da shekaru yana tari, ta hanyar adashi ko bashin ƙungiyar ma'aikata, kafin mabuɗin ya shigo hannunsa.

A cikinsu akwai 'yan kaɗan waɗanda burinsu ya wuce motar kai yara makaranta. Su abin da ransu ke so shi ne ƙaramar motar nan ta tsere mai ƙofa biyu, mai kwanciya a ƙasa, wadda ake jin rurinta kafin a gan ta. Masu irin wannan buri sun ƙaru a tsakanin matasan ma'aikata da ɗalibai, musamman tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011. To, amma mallakar irin wannan mota a ƙasar ƙura da zafin rana tana da sharuɗɗan da ya kamata mai niyya ya sani tun bai ba da kuɗinsa ba.

Asalin burin

Sha'awar mota a wurin ma'aikacin Arewa ta samo ƙarfinta ne daga shekarun 1970. A farkon 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da aka sani da sunan Udoji, haɗe da ariyas na watanni da dama. A wannan shekara kuma kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, shi kuwa Volkswagen ya soma nasa a Ikko. Ga kuɗi a hannu, ga lamunin sayen mota da gwamnati ke bai wa ma'aikacin da ya kai wani matsayi, ga Naira wadda a wancan lokaci ta fi dalar Amurka daraja. Saboda haka malamin makarantar sakandare ko akawun ma'aikata yana iya sa ran sabuwar mota fil a leda ba tare da an ce ya yi mafarki ba.

Motar da ta zama sarauniyar wannan zamani ita ce Fijo 504. An fara fito da ita a Faransa a 1968, kuma ta ci lambar motar shekara ta ƙasashen Turai a 1969. Abin da ya sa ta karɓu a nan shi ne tsayinta daga ƙasa, da juriyarta a kan hanyar burji, da kuma sauƙin gyaranta, domin kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta. Da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, har manyan jami'ai aka mayar da su shiga Fijo.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, 504 tana da 'yar'uwa ta tsere. A 1969 kamfanin ya fito da samfurinta mai ƙofa biyu, wanda gidan zane na Pininfarina a Italiya ya tsara, daga baya kuma aka sa mata inji mai silinda shida. Da irin wannan mota ce direban Faransa Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1978, ya kuma ci ta Bandama a Kwaddebuwa a wannan shekara. Kafin nan, a 1975, Ove Andersson na ƙasar Suwidin ya ci gasar Safari da 504 mai ƙofa huɗu, irin wadda ake gani a titunan Kano. Wannan nasara ta ƙara wa masu Fijo alfahari, ko da yake mai ƙofa biyun ba ta zama motar jama'a a nan ba.

Daga sabuwa zuwa 'yar Kwatano

Wannan daula ba ta daɗe ba. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, farashin sabuwar mota ya tashi ya bar albashi a baya. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata suka taso daga Kano zuwa Dutse, da yawansu da tsofaffin Fijo da Bitil ɗinsu suka zo, wasu kuma suka yi ta jeka-ka-dawo ta hanyar Wudil saboda ƙarancin gidaje. Unguwanni irin su Limawa da Garu, waɗanda suka saba da doki da jaki da keke, suka wayi gari da motoci a lungunan da ba don mota aka yi su ba.

Daga nan kasuwa ta koma ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a biyo da su ta Jamhuriyar Nijar. Su ne ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. A wannan zamani ne Marsandi da Honda da Golf suka ture Fijo, har aka daina harhaɗa 504 a Kaduna a tsakiyar shekarun 2000. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Sai kuma cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar Naira da ta biyo baya, har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Wanda ya soma tari da lissafin shekara uku sai ya ga farashi yana gudu yana binsa.

Don haka motar tseren da ke isowa hannun ma'aikaci a yau, in ta iso, tsohuwa ce wadda ta ratsa hannu biyu ko uku. A nan ne hatsarin farko yake. Mai ɗoki ba ya ganin aibu, dillali kuwa la'adarsa yake nema. Masu hankali sukan tafi da bakaniken da suka amince da shi, a duba lambar inji da ta jikin mota a gwada su da abin da ke cikin takarda, a tabbatar an biya kuɗin kwastan, a leƙa ƙarƙashi a ga ko ta taɓa yin hatsari an yi mata ciko an shafe da fenti. Motar da takardunta ba su cika ba tana iya ƙarewa a hannun hukuma a shingen farko, tarin shekara goma ya tafi ke nan.

Riƙo ya fi saye wuya

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Haka ba a sanin mai mota sai an ga yadda take bayan hunturu biyu. Babban abokin gabar fenti a wannan yanki shi ne ƙura. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki busasshen tsumma a share ƙurar da ta kwanta a jikin mota da safe. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, goge ta a bushe kuwa daidai yake da bin fenti da takardar gurza. Hanyar da ta dace ita ce a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar, sannan a wanke daga sama zuwa ƙasa, a ware tsumman taya dabam. Garin sabulun wanki yana cinye man da ke kare fenti, don haka sabulun mota ya fi. Ba a wanki a tsakiyar rana, domin ruwan yakan bushe ya bar tabo, balle ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri. Bayan wanki, shafa man goge sau ɗaya a 'yan watanni yana rage wa fenti ƙunar rana.

Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana fasa allon gaban direba, ya busar da kujerun fata, ya kashe robobin ƙofa. Rumfar kwano ko ta zana ta fi kowane irin magani da ake sayarwa a kwalba. Inuwar bishiya tana da nata lahani, domin kashin tsuntsu da ƙaron itace suna cin fenti in suka kwana. Tamfol kuma in aka rufa shi a kan mota mai ƙura, iska na kaɗa shi yana gurzar jikinta.

Cikin inji ya fi jiki bukatar kula. Matatar iska takan toshe da wuri a lokacin hazo, baƙin mai yana son juye a kan kari, lagireto kuwa ruwan sanyaya inji yake bukata, domin ruwan rijiya zalla yana haifar da tsatsa. Injin motar tsere ba ya haƙuri da gurɓataccen man da ake saye a galan a bakin hanya. Ga kuma kwanciyarta a ƙasa: abin da ke ba ta kyau shi ne ke sa cikinta ya daki tudun rage gudu, ko ta maƙale a zaizayar damina a cikin unguwa. Kayan gyaranta ba kasafai ake samunsu a Dutse ba. Sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, wani lokaci ma sai an aika Ikko, mota na zaune a rumfa wata guda saboda ƙarfe ɗaya.

Kwalliya da doka

Yi wa abin hawa ado tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Wanda ya ga kwalliyar dokin hawan salla a fadar Dutse, ko zanen zaki da karin magana a bayan manyan motocin katako, ya san inda abin ya samo tushe. A da, mai Fijo yakan bar ledar kujera shekara guda, ya shimfiɗa darduma a ƙasa, ya rataya carbi a madubi, ya ɗinka wa kujeru riga da farin yadi. Matasan yau kuwa sun koma ga manyan wili masu ƙyalli, da baƙin gilas, da fitilu masu launi, da salansa mai ƙara, da lambar mota mai ɗauke da sunan mai ita.

Wasu daga cikin waɗannan suna da hukunci a doka. Tun 1991 akwai dokar da ta hana sa baƙin gilas sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro, ta kuma tanadi tara ko ɗauri. Lamba mai suna ta hanyar hukuma ake samunta, wadda aka buga a kasuwa jabu ce. Wanda ya sāke wa motarsa launi wajibi ne ya gyara takardunta. Wasu kuma lahaninsu a aljihu yake: babban wili da siririyar taya ba sa jure rami, kuma ɗora fitilu da manyan lasifika a kan wayoyin da ba a yi su don haka ba yana cikin abubuwan da ke haddasa gobarar mota.

Abin da ya fi tayar da hankalin iyaye shi ne gudu. Faɗaɗa hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta bi ta Wudil da Shuwarin, ya sa wasu matasa suna ɗaukarta filin gwada inji, wasu kuma suna wasa da mota a wajen ɗaukar amarya a tsakiyar jama'a. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya da aka kafa a 1988 ke lura da ita, ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar da aka ƙera don ta ninka wannan ba ta san ranar kasuwar Shuwarin ba, ba ta kuma san garken shanu na tsallaka titi ba. Hukumar ta sha yin gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, kuma kyan zanenta ba ya hana ta fashewa a kan kwalta mai zafi in ta tsufa.

Ga ɗaliban da son mota ya kama, akwai abin koyi a tarihin Jelani Aliyu, ɗan Jihar Sakkwato, wanda ya taso yana zanen motoci tun yana yaro, ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya wuce birnin Detroit na Amurka. Shi ne ya zana siffar farko ta motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, kuma a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsarawa da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. Makarantun koyon sana'a na Jigawa za su yi amfani ƙwarai in suka ƙarfafa koyar da gyaran motocin zamani masu aiki da kwamfuta, domin rashin masu wannan ilimi a kusa shi ke sa ake jan mota zuwa Kano a kan ƙaramar matsala.

Shi kuwa ma'aikacin da ke dab da cika burinsa, lissafin da ya kamace shi kafin ya miƙa kuɗi a bayyane yake: kuɗin mai na wata, da na juye, da na taya huɗu, da na lasisi da inshora, da na rumfar da zai ajiye ta, a ɗora su a kan kuɗin makarantar yara da hatsin gida. In albashi ya ɗauka, sai a yi masa addu'ar Allah Ya sa alheri, Ya tsare hanya. In bai ɗauka ba, gara ya ƙara shekara guda yana tari.